Injina Biyu, Layi Ɗaya

Tana danne hannun injin a kan rigar, wuta ta ɗauke.

Ta fizge filogi daga bango, ta fita baranda a guje ba ko takalmi, ta buɗe akwatin wutar da ke bakin matakala, ta ɗaga makunnin da ya faɗi. Ƙwan baranda ya kawo. Ta tsaya ta kasa kunne har sai da ta ji injin iskar numfashin Baba Direba ya koma gurnaninsa a ɗakin da ke jikin nata. Sannan ta tuna ta bar rigar mutane a ƙarƙashin ƙarfe mai zafi.

Ko da ta ɗaga hannun injin, ƙirjin farar rigar ya yi ja kamar an gasa burodi.

"Injiniya!" Muryar Baba ce ta ratso bango, a gutsure, kalma ɗaya numfashi ɗaya. "Kin sake... kashe mini mota... a tsakiyar titi?"

"Yi haƙuri, Baba!"

"Direban kirki... ba ya mutuwa a hawa."

Ba injiniyanci ta karanta ba. Mutanen benen ne suka laƙaba mata sunan ranar da aka hawo mata da injin buga riguna, bayan ta gaji da yawo da takardun makaranta ofis-ofis. Aikin ba wuya: a buga zane a takarda, a shimfiɗa riga, a ɗora takardar, a danne da zafi har zanen ya kama. Sai dai injin akwai cin wuta, kuma ɗakinta da na Baba layi ɗaya suke sha, a kan wayoyin da suka girme ta. Shi kuwa Baba, tun da hayaƙin manyan motocin da ya tuƙa shekara da shekaru ya cinye masa ƙirji, da robar iska a hanci yake wuni, da ita yake kwana. In injina biyun suka haɗu, makunni ya faɗi.

Ta ɗauki ƙonanniyar rigar ta sauka wajen wakilin mai gida. Ta same shi a kan benci yana yanke farce.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a raba mana layi?"

"Ana kan magana, Injiniya."

"Tun bara ake kan maganar nan. Ran mutum ne fa a jikin wayar can."

"To ai ke kika kawo mana masana'anta cikin gidan haya." Ya hure farcensa. "Kafin ki zo lafiya lau muke."

"Lafiya lau? Akwatin nan in ka taɓa shi kamar murhu! Ko ba injina, wata rana sai ya kama da wuta."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Sati mai zuwa zan turo mai gyara."

Ta bi ƙofa-ƙofa tana roƙon a haɗu a yi wa mai gida magana da murya ɗaya. Matar tela ta ce maigidanta ba ya nan. Malamin makarantar da ke hawa na sama, wanda kullum yake zagin gwamnati a bakin famfo, ya ce shi ba ya son abin da zai sa a ƙara masa haya. Kowa ya ce a yi haƙuri. A benen nan haƙuri shi ne sumunti, shi ne fenti, shi ne mai gyaran famfo. Da ana toshe rami da shi, da ba gidan da ya kai nasu kyau.

Baba ne ya kawo dabara. Ya sa matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta kirawo ta. Yana kishingiɗe a kan filo uku, robar ta zagayo kunnuwansa, sandarsa a gefen gado.

"Hanya ɗaya, mota biyu," ya ce. "Sai a ba juna hannu. In zan ci abinci ko zan yi wanka, dama cire abin nan nake, in kashe injin. Sai in buga miki bango. Kin ji bugu, ki taka mai. Na sake bugawa, ki taka birki."

Haka suka yi ta yi. Lokacin ba ya isar ta, domin kafin ƙarfen ya yi zafi rabin lokacin ya tafi, amma tana fitar da 'yan riguna. Ana nan sai kocin wata ƙungiyar ƙwallo ya kawo mata aikin da bai taɓa zuwa mata ba: rigunan 'yan wasa gaba ɗaya, tambari a ƙirji, lamba a baya, yana so kafin wasan ƙarshen mako. Ta faɗa wa Baba don murna. Ya ce, "Lodi ya samu."

Daga ranar bugun bango ya ƙaru. Da hantsi a buga, bayan azahar a buga, kuma bugun birki ya riƙa daɗewa bai zo ba. Ta ce a ranta sauƙi ne ya samu. Ta shimfiɗa, ta danne, ta ɓare takarda da zafinta, ta ninke. Rigunan da aka gama suka taru a kan kujera, ɗakin yana ƙamshin sabon yadi.

Ranar Laraba da la'asar takardar zane ta ƙare mata. Ta kashe injin, ta leƙa ɗakin Baba don ta ce ya mayar da iskarsa ba sai ya jira ba. Ƙofar a buɗe take. Mama ba ta nan. Babu kwanon abinci, babu bokitin wanka. Baba na zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa na hawa suna sauka, robar a kan cinyarsa. Leɓunansa sun yi launin toka.

Ta kunna injin iskar, ta maƙala masa robar.

"Baba, me kake yi haka?"

Sai da ya ja iska ya ja, sannan ya ce, "Na ji... kin tsaya. Saura nawa?"

"Ina Mama?"

"Na aike ta... kanti."

"Kullum aikenta kake yi?"

Ya kau da kai. Daidai nan Mama ta shigo da leda a hannu. Kallo ɗaya ta yi musu ta gane. Ta ajiye ledar a hankali. "Shi ya sa," ta ce. "Yau sabulu, gobe ashana, jibi batir. Ni ina cewa rikicin tsufa ne. Likita ya ce kada ka cire sai da dalili, malam. A gabana ya faɗa."

"Ai da dalili," in ji Baba. "Yarinya... na da fasinja."

Injiniya ta juyo kan Baba. "Ni na ce ka yi? Ni na roƙe ka? Baba, a kan rigar ƙwallo? Gyaran da bai fi aikin wuni ɗaya ba, duk benen nan an rasa mai buɗe baki, sai kai za ka biya da ƙirjinka? Kai ma irinsu ne! Su sun yi shiru, kai ka daina numfashi, duk don kada a ɓata wa mai gida rai!"

"Ke, 'yar nan," in ji Mama, "a hankali."

Baba ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "Bar ta. Injin ne... ya yi zafi."

Ta koma ɗaki ta naɗe wayar injinta, ta rufe shi da tsohon zane. Washegari ta kira koci ta faɗa masa gaskiya. Ya zo ya kwashe rigunansa, waɗanda aka buga da waɗanda ba a buga ba, yana cewa dama an gargaɗe shi da ba masu koyo aiki. Ta sake sauka wajen wakili, wannan karon duk unguwa ta ji muryarta. Ya ce sati mai zuwa.

Baba bai daina buga bango ba. Da hantsi ya buga. Ta zauna a kan kujera ta harɗe hannu. Ya sake bugawa, da ƙarfi.

"Na ji, Baba! Ba zan kunna ba! Mayar da abinka!"

"Taurin kai... kamar tsohuwar giyar mota," ta ji ya ce.

Bugun ya riƙa raguwa, yana rage ƙarfi. Ranar da ya cika, da rana tsaka ne, wuta na nan lafiya, injin iskar na ta gurnani. Mama ce ta fito baranda ta ce, "Injiniya, zo ki kashe abin nan. Ban san inda ake kashewa ba."

Mutanen bene suka cika baranda. Matar tela ta yi kuka har da sheshsheƙa. Malamin makaranta ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa damun kowa ba. Bayan an kwana biyu masu injin iskar suka zo suka ɗauki kayansu, kuma a matakala ta ci karo da wakili.

"Ya ƙarin haƙuri, Injiniya? Allah ya jiƙan Baba." Ya gyara hula. "Maganar layin nan, na ce wa mai gyara ya bari. Tunda yanzu ke kaɗai ce a kai, ai matsala ta ƙare. Sai ki yi ta aikinki."

Ta dube shi. Ya ɗauka godiya ce ta rasa yadda za ta yi, ya ce ba komai, ya wuce.

Ta shiga ɗaki ta yaye zanen. Ta sa filogi. Ta shimfiɗa farar riga ɗaya da ta rage, ta shafe ta da tafin hannu har ta kwanta. Ƙarfen ya yi ta ɗaukar zafi, ƙwan ɗakin ko ƙyaftawa bai yi ba. Ta kama hannun injin, zafin na dukan fuskarta.

A can bayan bango Mama na jan gado ita kaɗai don ta share ƙarƙashinsa. Ta ja ta huta, ta ja ta huta.