Gidan da Ba Shi da Matakala

Sau uku Yuranis ta zo unguwar nan ta Soledad kafin ta yarda ta kawo mahaifinta ya ga gidan da take son saya. Ta zo da sassafe, ta ga bas tana tsayawa a bakin layi. Ta dawo ranar Asabar da yamma don ta ji ko masu kiɗa suna hana mutane sakat, ta tarar amon yana can nesa. Ta tsaya wurin mai kanti ta sayi lemon da ba ta marmari, ta yi ta bugun cikinsa a kan ɓarayi da 'yan babur masu fizgen waya. Ta murɗa famfo, ruwa ya zo. Asibiti kuwa da ƙafarta ta taka, minti bakwai. Mace ce da ta shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya, ba a yi mata rufa-rufa da sauƙi.

Amma gaskiyar magana, ƙofar ce ta sace mata zuciya. Duk gidajen layin a ɗage suke, kowanne da dakali mai tsawo da matakala huɗu ko biyar. Wannan kaɗai ne ƙofarsa take daidai da titi, ko tuntuɓe babu.

Mahaifinta, Don Teófilo, shekara talatin ya yi yana tuƙa bas a Barranquilla kafin ciwon suga ya sa a yanke masa ƙafafu biyu. Shekara biyu ke nan yana zaune a hawa na uku na gidan haya. In za a kai shi asibiti sai an roƙo maza biyu su sauko da shi kamar buhun shinkafa, shi kuwa ya runtse ido har a dire shi. Abin yana ci masa rai, ita ma yana ci mata. Ta yi masa alkawarin gidan da zai fita ya shiga ba tare da ya ce wa kowa don Allah ba.

Ranar da ta kawo shi, watan Fabrairu ne, rana ƙwal, iska tana kaɗa ganyen mangwaro. Dillalin, Wilfrido, yana jiransu da takardu a hammata da murmushin da ya fi fuskarsa faɗi.

"Don Teo! Shigo gidanka, ranka ya daɗe. Litinin a sa hannu, shi ke nan."

Tsohon bai ko dube shi ba. Ya ture hannun Yuranis daga keken guragun da yake kai, ya kama tayoyi da kansa, ya shiga. Ya zaga falo, ya juya, ya sake fitowa har bakin titi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda Yuranis ta manta yana da ita.

"Kin gani, 'yata? Ko karen mota ban nema ba!"

Ƙwalla ta cika mata ido. Tana cikin sharewa ta ji ana kiranta daga gidan da ke kallonsu. Wata tsohuwa ce a kan kujera mai lilo, can saman dakalinta, tana yafito ta da mafici. Yuranis ta haye matakala biyar, suka gaisa. Doña Emérita sunanta.

"Ke ce za ki sayi gidan Nicanor? Wancan mai keken babanki ne?"

"Shi ne, Doña."

"Wayyo Allah. Yarinya, ke 'yar ina ce? Kin ga mun ɗaga gidajenmu haka, kina tsammanin son hawa muke yi da gwiwoyin nan nawa?"

Duk wanda aka haifa a garin nan ya san abin da dogon dakali yake nufi, Yuranis ma ta sani sarai. Ta tambayi komai a unguwar, wannan ɗaya ce ta ƙi tambaya, don ba ta son jin amsar.

"Layin nan rafi ne," in ji tsohuwar. "Da rani titi, in Oktoba ta zo sai ya koma halinsa. Mu duk mun cika ƙasa mun ɗaga daɓe. Nicanor ya ƙi, saboda matarsa ba ta tafiya, a keke take kamar babanki. Bara waccan, da tsakar rana, aka yi ruwa a unguwannin tudu, nan ko ɗigo bai sauka ba. Shi ya tafi kasuwa. Kafin a ce me, ruwa ya taho da firji da tayoyi da mataccen kare. Muna tsaye nan muna jin ihunta, ba mai iya tsallakawa. Da aka samu shiga, ruwan ya kai mata ƙirji, tana riƙe da ƙarfen taga. Sati uku ta ƙara a duniya."

Yuranis ba ta san yadda ta sauko ba. Ta nufi Wilfrido.

"Sabon fentin nan me ya rufe? Ka ga keken, ka san dalilin da nake son gidan, ka yi shiru! Ba ka da kunya?"

"Haba, ranki ya daɗe, ai ruwan minti arba'in ne ya wuce. Kuma ana maganar za a yi babban kwalbati…"

"Ƙyale shi," in ji Don Teófilo a hankali. "Tun daga bakin layi na gane. Sau nawa na kashe bas a saman gangaren can ina jira ruwa ya janye? Na fi wannan mai daɗin bakin sanin titin nan."

"Ka sani, Baba? Ka sani kake dariya?"

"Saya, Yuranis. Wata nawa ake ruwan? Sauran shekara fa? In fita in sayi kofina, in zagi masu wasan domino su zage ni. Can sama kullum mutuwa nake yi kaɗan-kaɗan, ba wanda ya kira shi haɗari."

Ta durƙusa a gabansa, ta dafa hannun keken. Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi zafi. Amma awa goma sha biyu take yi a wurin aiki. Ta hango kanta a ɗakin marasa lafiya, hadari ya haɗu a tudu, tana kiran wayarsa ba a ɗauka.

"Ba zan iya ba, Baba. Ka ji haushina in ka ga dama. Zan nemo wani."

"Shekara guda kina nema," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, ita kuwa da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

Wilfrido ya zaro makulli yana gunaguni, wai an ɓata masa yini. Mai tasin da ya kawo su ya buɗe but ɗin motarsa, ya matso zai ɗaga tsohon. Don Teófilo ya ɗaga hannu ya tsayar da su duka biyu.

"Ku dakata. Bari in ƙara sau ɗaya."

Ya juya keken ya shiga gidan. Suka ji ƙarar tayoyi a kan daɓe, sannan ya fito har titi, ya dubi hagu ya dubi dama kamar mai shirin zuwa wani wuri. Ya sake juyawa ya koma ciki. Mai tasi ya duba agogo, ya buɗe baki zai yi magana.

"Kashe motar, malam," in ji Yuranis. "Za mu ɗan jima."