Tayil a Ɗakin Fanta

Ni Fanta, tunda aka kawo ni Fassi ina amarya nake taka daɓen ɗakin nan, ko tuntuɓe ban taɓa yi ba. Sai bara ɗana na fari, mai aiki a Kano, ya ce wai daɓe ƙauyanci ne, ya turo magina suka shimfiɗa mini tayil. Fari fat, sai sheƙi kamar faranti. Maƙwabta na ta zuwa kallo, ni kuwa na koma tafiya ina dafa bango.

Ran nan na yi alwalar azahar, na shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa, sai ji na yi na yi sama na dawo, tim! Kwankwasona ya sha ƙasa. Sa'adiya, autata da ke aure a Kahu, ta zo duba ni, kuma da yake bakinta ba ya riƙe magana, nan take ta buga wa yayanta waya.

Tsoro kam na ji, ba zan ɓoye ba. Ko fitsari ya matse ni sai in zauna a bakin gado ina kallon santsin nan. Amma da Sa'adiya ta ce, "Inna, Yaya ya ce ranar Asabar zai zo ya tafi da ke Kano gaba ɗaya," sai tsoron ya koma fushi. Kano? A jibge ni a bene, a kunna mini talabijin? Wa ya kayar da ni, tsufa ko tayil ɗinsa?

Na ce, "Miƙo mini taɓarya."

"Me za ki daka, Inna?"

"Ki dai zuba ido."

Na zauna a kujera 'yar tsugunno na dinga sauke wa tayil ɗin nan taɓarya, kwankwaso na zugi ban fasa ba. Na kuma aika wa matan unguwa cewa akwai daɓe a gidana.

Ranar Asabar ɗan nawa ya iso, ya tarar rabin ɗakin ya zama ɓaraguzai, mata cike da tsakar gida.

"Subhanallahi! Inna, wa ya yi wannan ɓarna?"

"Ni ce. Akwai magana?"

"In kika sake faɗuwa kika karye, me zan ce wa mutane?" Ya shige ɗaki ya sungumo akwatina, ya nufi zaure.

"Mukhtar!"

Ni ce na ƙwala masa kira. Tunda na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Ya juyo yana kallona, idonsa ya kaɗa.

"Mukhtar, ajiye. A nan mahaifinka ya bar ni, daga nan za a ɗauke ni, kuma ba a motarka ba."

Ya sauke akwatin a hankali. Ya goge fuska da hannun riga.

"To, Inna," ya ce, "a ina ake ɗebo ƙasar daɓen?"