Na'urar da Ta Koyi Sallama

Sati uku Tahira ta yi tana fama da dalma da ƙananan wayoyi a kan tabarma, har yatsunta suka yi tabon ƙuna. Aikinta ne na kammala kwalejin fasaha: na'urar naɗar hirar waya. Ƙwaƙwalwar, wadda malamai ke kira maikurokantirola, ba ta fi ƙwallon dabino ba, kuma a robar sabulu ta zaunar da ita. Ran Litinin za ta hau motar garin Zakirai ta kai wa malamai na'urar, da hira ta gaske a ciki, in ba haka ba wahalar shekara ta tashi a banza.

Wayar babanta kaɗai ke da ramin da na'urar ke shiga. Baban nata, Malam Gana, kuwa kaifi ɗaya ne.

"Ta shiga zancen mutane ba sallama?" in ji shi. "Wannan ai laɓe ne. Ba a gidana ba."

Kamar ta yi kuka, sai ta ce, "In ta yi sallama fa, Baba?"

Ya kece da dariya. "Roba? In ta yi, na ba ki."

Kwana biyu ta duƙufa a kan kwamfuta. Ran Juma'a bayan la'asar ta jona na'urar a wayarsa, ya kira yayarsa Amsa da ke Borno. Kafin ya buɗe baki robar ta riga shi, da muryar Tahira: "Salamu alaikum. Za a naɗi hirar nan, in an yarda."

"Wa alaikumus salam," in ji Gwaggo Amsa. "Wace mai ladabi ce wannan?"

Tahira ta yi mata bayani.

"Wato ko bayan raina za a ji ni? To Gana, yi mana shiru."

Tsohuwa ta gyara murya, ta ɗauko waƙar Barbarci da mahaifiyarsu ke yi in tana dakan gero. Rabon Malam Gana da jin ta shekara hamsin.

Da aka kashe waya Tahira ta danna maɓalli. Waƙar ta dawo tas, har da tarin Gwaggo. Ta daka tsalle don murna.

Malam Gana ya share ido da hannun riga, ya jawo robar ya ɗora a cinya.

"Ki kai wa malaman su ji," ya ce. "Amma ki gaya musu aro na ba su. Kafin magariba nake son abata."