Aikin da Ya Makara da Shekara Dubu Ɗaya da Ɗari Tara

Hsu Pei-shan ta danna maɓalli, jadawalin ya buɗe a kwamfutar teburinta, sai ta ji kamar ta shige ƙarƙashin kujera. Sati uku ta yi tana haɗa manhajar da rumbun bayanan kamfanin, don duk aikin da aka shigar ya fito da kansa a matsayin sanda, daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Ga shi sandunan sun fito, amma rabinsu sun taru a can ƙarshen hagu, rabi a ƙarshen dama, tsakiya fayau.

Yau ne watanninta uku na gwaji suke cika a wannan ƙaramin kamfani na birnin Taichung a Taiwan, mai gina wa manoman mangwaro ɗakunan sanyi. Maigida Liao ya riga ya ce jadawalin ne zai yanke ko ta zauna ko ta tattara.

Anti Tseng, sakatariyar da ta fi kowa daɗewa a ofishin, ta leƙo da kofin shayinta.

"Wannan fa? Haƙoran kakana ne?"

"Anti, ki bar ni da abin da ya dame ni. Wai ɗakin sanyin garin Pingtung tun shekara ta 114 aka fara shi."

"To, ai bana ke nan."

Pei-shan ta dafe kai. Matasan ofis suna rubuta 2025, wani kuma yana bin lissafin takardun gwamnati, wanda shekararsa ta ɗaya ita ce 1912, yana rubuta 114, ita kuwa kwamfuta abin da aka ba ta take ɗauka. Ta duba sunan mai shigar da layukan masu 114. Duka arba'in da biyu Maigida ne.

Ba ta kai ga taɓa komai ba sai ga shi ya shigo kafin lokaci, kamar yadda ya saba, injiniyoyi biyu na biye da shi. Mutum ne mai son a ce ya iya kwamfuta, ko da yake da yatsa ɗaya yake bugawa. Ya gyara tabarau ya ƙura wa allon ido.

"Pei-shan, mun makara da shekara nawa a nan?"

"Dubu ɗaya da ɗari tara da goma sha ɗaya, Maigida."

"Lalle manoman nan suna da haƙuri. Wane gwani ne ya shigar da wannan?"

Injiniyoyin suka shiga kallon takalmansu. Anti Tseng ta kurɓi shayin da ya riga ya ƙare. Kowa ya sani, kuma kowa na jiran bakin sabuwar yarinya. In ta faɗi suna ta kunyata mai gida a gaban yaransa, in ta yi shiru aikinta ya zama na banza.

"Laifin manhajata ne, Maigida," in ji ta. "A Taiwan aka haife ta amma ba ta san shekarun ƙasarta ba. A ba ni minti goma in koya mata."

Ta rubuta ƙa'ida ɗaya: duk shekarar da ba ta kai dubu ba, a ƙara mata 1911. Ta sake dannawa. Sandunan suka jeru bi da bi, haƙa tushe, kafa ƙarfe, saka injin sanyi, kowace a watanta.

Maigida Liao ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa kan layin Pingtung inda sunansa yake ɓaro-ɓaro a gefe, ya yi gyaran murya, kunnuwansa sun yi ja.

"Ba laifi," ya ce, ya nufi ƙofa. Can ya waiwayo. "Gobe ki koya mata watannin gargajiya ma. Tsohuwata ce ke zaɓar ranar zuba siminti."

"Kin shiga uku," in ji Anti Tseng. "Tsohuwar nan sau uku take canja rana."

Pei-shan ba ta ma ji ta ba. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa hannuwanta. "Gobe" ya ce, ke nan ta zauna.