Ba Ya Kawo Wuta

Sau bakwai Babakura yana fizgar igiya, injin ya yi tari ɗaya ya kama bakinsa. A jikin durom cike da ruwa ya ɗaure shi, a rumfarsa ta gyaran janareto a unguwar Gamboru, cikin Maiduguri. Shekara huɗu ke nan rabonsa da injin jirgin ruwa, tun da suka gudo daga bakin tafki.

Yagana ce ta kawo shi a keke, matar amininsa marigayi Mikail. Jiya aka raba musu injuna a sansanin gudun hijira, da tafi da masu ɗaukar hoto, har wani mai babbar riga ya ce sabo ne fil. Wani masunci a madatsar ruwa ta Alau ya yarda ya yi aiki da shi su raba kifi, in dai ya tashi kafin gobe. In bai tashi ba, ita da 'ya'yanta uku sai layin abinci.

"Yaya Babakura, ko mai ne bai isa ba?"

"Mai kam ya sha ya ƙoshi. Bari mu ga wuta."

Ya kwance fulogi, ya manna shi a jikin ƙarfe, ya ce ta ja. Ko ƙyas. Ya sa wani fulogin, haka. Ya bi waya da yatsa har tushenta, ba ta ci ba, ba ta tsinke ba. Sabon inji sai ka ce amarya, amma fenti yana bin hannu! Ya shinshina yatsunsa, ya ɗauko sifana ya buɗe kan.

Kwayil ne, wanda ke haifar da wutar, ya ƙone ƙurmus. A gefensa kuwa ga zane uku na bakin sukundireba, ɗaya a karkace.

Gabansa ya faɗi. Babu injin da ya taɓa buɗewa bai yi masa wannan zanen ba, don masunta mutanen musu ne, sai mutum ya rantse ba kai ka gyara ba. Wannan ƙonewar ma ya san ta. Mikail ya kawo masa injin ranar Laraba, Babakura ya ce masa kwayil ne, ya bar shi a shago, shi zai je Maiduguri ya sayo. Babakura yana kasuwa mahara suka shiga garinsu. Masu inji suka tsallake ruwa. Mikail kuwa filafilin tuƙi kawai gare shi, bai tsira ba.

Ashe bayan an watse wani ya kwashe shagon, wani ya saya, wani ya shafa fenti, aka miƙa wa matar mai kaya kayan mijinta tana godiya.

* * *

"Zai gyaru?" in ji Yagana.

"Zai gyaru."

Ya jawo akwatin ƙarfensa. Can ƙasa, a cikin leda, kwayil ɗin da ya sayo wa Mikail yana nan da kwalinsa. Sau nawa yunwa ta ce ya sayar, ya ƙi, shi kansa bai san dalili ba. Ya ɗaura, ya sake manna fulogi a ƙarfe, ta ja, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle. Ya yanke a ransa ba zai gaya mata ba. Me zai ƙara mata?

Ja ɗaya injin ya tashi, ruwan durom ya hau tafasa. Da ya rage masa mai, sai ga wani ɗan siririn fito a ƙarƙashin rugugin. Babakura ya manta da shi shaf. Sau uku yana neman tushen wannan fiton a da bai same shi ba, Mikail ya ce a bar masa, da shi ake sanin ya dawo.

Murmushin Yagana ya tsaya. Ta karkatar da kai, yadda take yi a bakin ruwa da la'asar kafin ta ɗora tukunya.

Ya kai hannu zai kashe.

"A'a, Yaya," ta ce, idonta a kan durom ɗin. "Bar shi tukuna. Bari ya ƙaraso."