Rijiyar Hajiya 'Yardada

Sun wuce Kura kenan Hajiya 'Yardada ta gane cewa ƙaramar ƙofar nan da ke jikin murhu ba ta kabad ba ce. Ɗanta Muttaka ne ya buɗe ta ya shige da buta a hannu, ya jawo ta ya rufe. Ga matarsa Bahijja tsaye kamu ɗaya da ƙofar, tana juya ƙwai a kasko hankalinta kwance.

"Ke, ina ya shiga?"

"Banɗaki ne, Hajiya," in ji Bahijja cikin alfahari. "Ai motar nan gida ce sukutum. Ga gado, ga murhu, ga makewayi. Turawa wata guda suke yi a cikin irinta suna yawon buɗe ido."

Hajiya ta ja mayafi ta toshe hanci. Tun tashinta a unguwar Sheshe cikin Kano ba ta taɓa ganin inda aka haɗa tukunya da masai a ɗaki ɗaya ba. Da aka miƙo mata ƙwan ta ce ta ƙoshi, alhali ko koko ba ta sha ba.

Motar daga Kwatano Muttaka ya sayo ta lokacin kamfen, bayan sojoji sun ce za su koma bariki. Ya ci kansila, amma har yau hotunansa na manne a jikinta, da rubutu ɓaro-ɓaro: RUWA MAI TSAFTA GA KOWA. Don ruwan ma aka yi tafiyar yau. Ya matsa sai ya cike rijiyar tsakar gidansu, wadda marigayi mahaifinsa ya haƙa, ya ja mata famfo ya yi mata banɗakin zamani a wurin. Har tifar jar ƙasa ya sa an juye a bakin lungu. Ta ce sai ta ga inda ruwan famfon yake fitowa tukuna. Gaskiyar magana ta kusa yarda, don bayanta ya fara gajiya da jan guga.

Da ya fito yana gyara hula, ta dube shi a kaikaice. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Kai, da kana ciki ina ka fuskanta?"

"Ban gane ba, Hajiya."

"Sau uku direban nan ya sha kwana kana ciki. Ka tabbata ba ka ba alƙibla gaba ko baya ba?"

Muttaka ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya kenan! Lalura ce ai."

"To shi abin ina yake zuwa?"

"Akwai tanki a ƙasa."

"A ƙasanmu? Da shi muke tafe?"

Ta ɗage ƙafafunta daga daɓen motar ta naɗe su a kan kujera. Fitsari ya matse ta tun daga Na'ibawa, amma ta rantse a ranta gara mararta ta fashe.

Da hantsi suka isa Tiga. Isyaku direba ya bi da su ta gefen ruwan a hankali, ya tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa. Hajiya ce ta fara sauka, ta ɗauki butarta ta gida ta zaga bayan wani dutse. Sai da ta dawo sannan ta iya kallon abin da aka kawo ta gani.

Ta tsaya a bakin ruwan. Ba ta taɓa ganin ruwa ya haɗe da sama ba. Masunta na jefa birgi daga kwalekwale, balbelu sun yi fari a kan duwatsu, can ƙasa kaɗan mata na wanki wasu na cika tuluna. Ta tsuguna a kan wani dutse ta ɗebo a tafin hannu. Garau yake, ga sanyi. Ta yi alwala da shi a tsanake, ta kurɓi kaɗan.

"Kin gani ko?" in ji Muttaka. "Wannan ruwan shi ke gangarawa har a tace shi a turo mana birni. Shi zan kawo miki har ƙofar ɗaki. Ki huta da guga, Hajiya."

"Ikon Allah," ta ce. Zuciyarta ta yi laushi. Ta ƙudura in sun ci abinci za ta ce masa ya cike rijiyar, Allah ya yi masa albarka.

Suka sayi soyayyen karfasa. Bahijja ta shimfiɗa darduma, ta sa Isyaku ya ɗauke su hoto motar na bayansu. Ana cikin haka ta yatsine fuska ta ce wa mijinta motar fa ta fara wari, rana ta dafa tankin. Muttaka ya yafito Isyaku ya yi masa raɗa.

Hajiya na cire ƙayar kifi ta ga motar tana ja da baya zuwa bakin ruwa. Isyaku ya sauko ya ɗaure hanci da hankici, ya jawo wani baƙin tiyo daga ƙarƙashi, ya murɗa wani abu. Abin da ya fito ba ya faɗuwa. Na yau da na jiya da na 'yan kamfen, duk ya kwararo ya bi ta kan dutsen da ta tsuguna ta yi alwala, ya shiga ruwan ya yi shuɗi-shuɗi da baƙi, ya nufi wajen masu tuluna. A saman tiyon kuma ga hoton ɗanta yana murmushi.

Kifin da ke bakinta ya ƙi haɗiyuwa. Ta tofar. Ƙyama ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a wankin zawon jarirai.

"Muttaka!"

Ya juyo a firgice. Bahijja ma ta saki baki. Bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba.

"Hajiya, ai ba komai," ya ce yana inda-inda. "Dubi yawansa. Ko a littafi, ruwa mai yawa ba ya ɗaukar najasa in dai bai canja kama ba. Kuma tacewa ake yi."

Ta ɗauki kofin silba a kan darduma ta miƙa masa.

"To bisimilla. Ɗebo ka sha."

Ya dubi kofin, ya dubi ruwan. Ya ce shi ya taho da na roba a mota.

Ta sauka da kanta ta ɗaga wa matan murya su matsa sama da tulunansu. Har suka dawo Kano fuskarta na waje ta taga.

Motar ba ta shiga lungun Sheshe, don haka a bakin titi ta sauka. Muttaka ya biyo ta yana tambaya ko magina su zo gobe. Ta ce ya turo su, su kwashe ƙasarsu su ba mutane hanya.

A ƙofar gida ta tarar da hayaniya. Famfon unguwa da ya shekara yana tusa ya kawo, mata sun yi layi da bokitai. Maƙwabciyarta Luba ta taro ta da guɗa, kwanon sha cike a hannunta.

"Uwar kansila! Aikin ɗanki ne wannan. Sha ki sa masa albarka."

Hajiya ta karɓi kwanon don kada ta kunyata shi a gaban mutane. Ruwan garau, kamar na ɗazu.

"Allah ya shirye shi," ta ce.

"Amin, amin!" in ji matan.

Ta shige da kwanon cikin gida, ta juye shi a makwarara. Sannan ta dafe bayanta da hannu ɗaya, ta zura guga, don alwalar ɗazu sai an sake ta.