Jirgin Ɗan'uwa Ba Ya Kwana a Ruwa

Ranar da jirgin Sifaniyawa ya tsaya a gaɓar tsibirin Sibulak, tsohuwa Bulawan, yayar Datu Kalasag mai mulkin tsibirin, tana shanyar kifi. Ta ƙirga bakunan igwa goma sha biyu. Amma ta kuma hango ana kwarfar ruwa daga cikin jirgin ba hutawa.

Kyaftin Anselmo ya sauko da tafintansa, yana wari kamar tsohuwar tabarma, ya ce daga yau tsibirin na sarkinsu ne, har sabon suna ya kawo masa.

Bulawan ta ja ƙaninta gefe. "Kai, sauke mashin nan! Da shi za ka tare igwa? Ka sha jini da kyaftin ɗin, ku zama 'yan'uwa."

"Yaya, da wannan ƙazamin?"

"Toshe hanci ka sha."

Aka tsaga hannuwa, aka ɗiga jini a giyar kwakwa, suka sha. Kyaftin sai murmushi yake, a zatonsa mubaya'a ce.

"Gaya masa," in ji Bulawan ga tafinta, "a nan jirgin ɗan'uwa ba ya kwana a ruwa. Mu za mu toshe masa yoyon, kyauta."

Al'adar gaskiya ce, ba ƙirƙira ta yi ba. Ranar kawai ta zaɓa. Shekara sittin tana kallon tekun nan, ta san jibi zai yi cikar da ba ya maimaitawa sai bayan wata shida.

Don jirgi ya yi sauƙin ja, da hannunsu baƙin suka sauke igwoginsu da albarushi. Ranar da teku ya cika, maza ɗari uku suka ja shi da waƙa har gindin bishiyoyin kwakwa. Ruwa ya janye, ya bar shi kwance.

Aka toshe yoyo tsaf. Kyaftin ya ce a mayar da shi ruwa.

"Da wane ruwan, ƙanena?" Bulawan ta nuna masa yashi fetal. "Ga shinkafa na jiran dashe. Ɗan'uwa kuma ba ya ci a zaune."

Kafin teku ya dawo, damina ta jiƙa albarushi, maƙera sun narka igwa sun ƙera ƙararrawa, rabin matuƙan sun yi aure. Labari ya bi kwale-kwale tsibiri tsibiri, kowa ya koyi irin wannan tarbar.

Har yau Sibulak sunansa Sibulak. Jikokin Anselmo suna nan bakin kasuwa, kifinsu ya fi na kowa gishiri.